Docs, Word, WPS ko Canva: wanne zai fitar maka da takarda ta mutunci daga wayarka a ƙauye?

Takardar da aka shirya a ƙauye ba ta isa inda za ta sai ta bi hannu da yawa. A waya ake rubuta ta, galibi da dare bayan an karɓo wayar daga wurin mai caji. Ranar kasuwa a kai ta gari, mai shagon kwamfuta ya buɗe ta a tsohuwar na'urarsa, ya fitar da ita da firinta mai baƙar tawada kaɗai, a yi mata fotokwafi biyu ko uku, kafin ta sauka a teburin sakataren ilimi, ko manajan banki, ko hakimi. Wanda zai zaɓi manhajar da zai ɗauko shiryayyen samfuri daga cikinta, wannan doguwar hanya ya kamata ya fara aunawa, don abin da ya ƙayatar a fuskar waya sau da yawa ba ya isa teburin nan da kamanninsa.

Samfurin da nake nufi shi ne takardar da wani ya riga ya tsara, ya bar gurbin suna da na adireshi, ya daidaita kanu da layuka, kai naka kawai ka goge rubutunsa ka sa naka. Akwai su kyauta a Google Docs, da Microsoft Word, da WPS Office, da Canva, sai LibreOffice ga mai kwamfuta. Akwai kuma na shida wanda ba a cika lissafawa ba, alhali shi ya fi kowanne yin aiki daga Ringim har Birniwa a Jihar Jigawa: tsohon fayil ɗin mai shago.

Da shi zan fara, don shi ne ma'aunin sauran. Kowane mai shagon kwamfuta a hedikwatar ƙaramar hukuma yana da tarin takardun waɗanda suka riga ka zuwa. Ka shiga ka ce, "Maigida, takardar neman aikin koyarwa nake so a buga mini." Ya ce, "Bismillah, zauna Malam. Yaya sunan? NCE ce ko digiri?" Sai ya buɗe ta wani, ya goge suna ya sa naka, ya canza makaranta da shekara, kafin ka gama gaisawa da na kan benci ta fito da ɗuminta. Kada ka raina wannan. Mutumin nan ya san irin takardar da ofisoshin yankin suka saba karɓa, ya san wasiƙar da dole ta bi ta hannun shugaban makaranta kafin ta je gaba, ya san inda ake barin fili don hatimi. Babu samfurin da aka tsara a ƙasar waje da ya san haka. Aibinsa shi ne ragowar mai tsohuwar takarda: lambar wayar wani ta maƙale a ƙasan shafi, ko ranar haihuwar da ba taka ba, ko a tarar samarin gari ɗaya kowa ya rubuta jimla iri ɗaya a kan abin da ya iya. Ga kuma kuɗi. Harafi ɗaya aka kuskure a sunanka, sai ka sake biyan ɗan acaɓa ka koma gari, ka sake biyan bugu. Sannan takardarka, har da lambar NIN idan ka sa ta, ita ce za ta zama samfurin wanda zai zo bayanka.

Google Docs shi nake fara nuna wa duk wanda takardarsa ofis za ta. Mai wayar Android ya riga yana da asusun Gmail, don haka babu wata sabuwar rajista, kuma asusun yana zuwa da ma'ajiya ta gigabait 15 kyauta, wadda takardun rubutu ba sa cin komai a cikinta idan aka gwada da hotuna da bidiyo. Ka buɗe manhajar, ka taɓa alamar ƙari, ka zaɓi samfuri. Ba su da yawa, kuma a wurina wannan alheri ne, don ba za ka ƙarar da caji kana kai-kawo tsakanin ɗaruruwan zane ba. Na sibi, wato takardar bayanin kai ta mai neman aiki (CV), guda biyar ne: Swiss, Serif, Coral, Spearmint da Modern Writer. Sai na wasiƙa, da na rahoto, da na bayanin taro. Duk wanda ka ɗauka farar takarda ce da baƙin rubutu, sai ɗan launi a kanu, wanda ko firinta ta mayar da shi toka-toka ba a yi asarar komai ba. Coral da Spearmint rubutunsu a miƙe yake daga sama har ƙasa, don haka sun fi sauƙin gyara da babban yatsa a kan ƙaramar waya. Serif kuwa ya raba shafi gida biyu, kuma da zarar bayaninka ya fi na asalin tsawo sai ɓangare ɗaya ya zarce ya bar ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ɗaga darajarsa a wurinmu shi ne ba ya tsayawa don sabis ya ɗauke. Ɗauko samfurin yana buƙatar intanet, amma bayan nan idan ka shiga ɗigo ukun da ke sama ka kunna wurin ajiye takardar a cikin waya, za ka ci gaba da rubutu ko a fadama kake, inda sanda ɗaya ta sabis ba ta tsayawa. In ka fito fili gyaran ya hau da kansa. Wayar ta faɗa ruwa wajen ban-ruwan shinkafa, ko an zare ta a kasuwa, takardarka na nan a asusunka. Kuma idan kana da yaya a Dutse ko ƙane da ke karatu a Wudil wanda ya fi ka Turanci, sai ka ba shi damar shiga takardar ya gyara daga inda yake, ba sai an yi ta tura fayil ana dawowa da shi har a rasa wanne ne na ƙarshe ba.

Sai dai akwai wani tarko da ya shafi Docs da Word da yawancin samfuran da ake samu a intanet, kuma shi ne ya fi ɓata wa mutane aiki ba tare da sun san dalili ba. A Amurka aka tsara da yawansu, a kan girman takardarsu da suke kira Letter, mai faɗin inci 8.5 da tsawon inci 11. Mu A4 muke amfani da ita, milimita 210 da 297, wato ta fi tasu tsawo, tasu kuma ta ɗan fi faɗi. Bambancin kaɗan ne a ido, amma shi ke sa ka ga rubutu ya karkata gefe ɗaya, ko ƙasan shafi ya tsaya fayau, ko firinta ta tsaya tana ƙyafta ja mai shago yana dukanta. Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, shiga saitin shafi ka mayar da shi A4. In ka bari sai ka gama, duk layukan da ka daidaita za su motsa.

Word kuwa ƙarfinsa a wuri ɗaya yake: kusan kowace kwamfutar shago da ta ofis shi ne a kanta. Idan takardarka irin wadda wani zai taɓa ce bayanka, kamar tambayoyin jarrabawa da shugaban makaranta zai duba ya rage, ko wasiƙar da sakataren hakimi zai ƙara wa sakin layi, fara ta a Word tun farko ya fi kwanciyar hankali. Microsoft yana barin a yi rubutu da gyara kyauta a na'urar da fuskarta ba ta wuce inci 10.1 ba, muddin ka buɗe asusunsu, don haka kowace waya ta shiga ciki, babban allon hannu ne kawai zai nemi kuɗin wata. Samfuransa sun ninka na Docs nesa ba kusa ba: takardar shaida, jadawali, kalanda, ƙasida, takardar farashi. Abin da zai hana wani shi ne nauyi. Wayar da ma'ajiyarta ta riga ta cika da wa'azi da bidiyon biki ba ta son ƙarin babbar manhaja, kuma samfuran Word masu akwatuna da zane a kwamfuta aka tsara su, jan su da yatsa a ƙaramar fuska aiki ne na mai haƙuri.

WPS Office na kamfanin Kingsoft ne na ƙasar Sin, kuma mutane da yawa sun same shi a wayarsu tun daga shago. Manhaja ɗaya ce da ke buɗe fayil ɗin Word da na Excel da PDF, ba ta damu da sabis ba wajen rubutu. Matsalarta talla, sannan samfuran da suka fi ɗaukar ido yawanci na kuɗi ne, sai ka shiga ka so su sannan a nuna maka farashi. Ni ba na ɗaukar WPS a matsayin wurin neman samfuri. Wurin buɗe abin da aka turo maka ne, a gyara lamba ɗaya a tsaye a bakin shago, a mayar da shi PDF. A nan ba shi da na biyu.

LibreOffice na wanda ke da kwamfuta ne, kamar ofishin makarantar Islamiyya da wani ɗan gari ya kawo wa tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Kyauta ne gaba ɗaya, babu talla, babu asusu, babu saƙon nan na lasisi ya ƙare. Wata gidauniya da ke Jamus ce ke kula da shi, kuma tun 2011 ake fitar da shi. A sauke shi sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, a kawo shi a filash, shi ke nan. Samfuran cikinsa kaɗan ne kuma ba su da ado. A kula kawai: yana adana fayil da nasa tsarin, don haka in za a kai wa mai Word sai a zaɓi tsarin Word lokacin adanawa.

Yanzu Canva, wanda shi ne matasa suka fi so, kuma ban ga laifinsu ba. Daga Ostireliya ya fito a 2013, kuma ga abin da ido zai gani a waya babu mai kamo shi a cikin waɗannan. Katin ɗaurin aure, sanarwar saukar Alƙur'ani, walima, tallan mai sayar da takin zamani ko mai ɗinki, gasar ƙwallo tsakanin unguwanni: abin da da sai an je Kano ko Haɗejiya wurin mai zane, yanzu yarinya 'yar sakandare za ta haɗa shi a tsakar gida ta ɗora a WhatsApp kafin la'asar. Abin lura shi ne ƙaramin kambin da ake maƙala wa wasu samfura da hotuna. Duk mai kambi na kuɗi ne. Wani lokaci samfurin kyauta ne amma fure ɗaya a cikinsa na kuɗi, sai ka gama aiki ka zo saukewa a ce sai ka biya, ko hoton ya fito da tambarinsu a kwance a kansa. Ka cire furen ka sa wani, aiki ya wuce. In an yi maka tayin gwaji na kyauta aka nemi lambar katin banki, ka sani idan wa'adin ya cika ba ka soke ba za a fara cirewa. Canva kuma ya fi sauran duka dogaro da sabis da cin data, don samfuran da hotunan daga intanet suke zuwa duk lokacin da ka taɓa su.

Wata 'yar magana a gefe game da katin biki. Samfurin ba zai tuna maka da kwanan watan Musulunci ba, kai za ka ƙara shi kusa da na Bature, kuma dattawa shi suke fara nema. Idan kuma katin bugawa za a yi a raba, mutane da yawa sun fi son kada a sa aya a jikinsa, saboda an san ƙarshensa ƙasa ne bayan biki. Wanda zai tsaya a waya kaɗai ba shi da wannan damuwar.

Inda Canva ke kayar da mutum shi ne takardar ofis. Sibin da ke cikinsa da yawa suna da faffaɗan gefe mai duhu da farin rubutu a kai, ga hoto a da'ira, ga taurari. A waya abin sha'awa. A firintar baƙi gefen nan tawada yake sha, wani mai shagon ma zai ƙara maka kuɗi a kansa, kuma idan tawadar ta yi ƙasa sai ya fito da zane-zanen fari. A yi masa fotokwafi sau ɗaya, lambar wayarka da ke cikin duhun ta nutse. Bugun kala kuwa ya ninka na baƙi tsada, kuma ba kowane gari ake samunsa ba. Na biyu, rubutun Canva a akwati-akwati yake, ba ya gangarawa shafi na gaba da kansa. Ka ƙara layi biyu a sama, sai ka bi duk abin da ke ƙasa ka ja shi ɗaya bayan ɗaya. Ga wasiƙa mai shafi biyu ko tsarin mulkin ƙungiya wannan wahala ce ta banza. Na uku, manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da ake nema wa aiki ta intanet, da yawansu na'ura ce ke fara karanta sibi kafin mutum, kuma takarda mai akwatuna da gida biyu tana iya rikita ta. Miƙaƙƙen rubutu irin na Coral bai da wannan haɗarin.

Ga mai rubuta takardarsa da Hausa akwai wani gwaji da ya wajaba, ko wace manhaja ya zaɓa. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da su ba, musamman salon ado irin na Canva da ake sa wa sunan ango da amarya. Inda babu su, ko dai akwati ya fito a gurbin harafin, ko a aro shi daga wani salon ya tsaya daban a tsakiyar kalma, siriri a cikin masu kauri. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ka ƙara ta a saitinsa. Sannan kafin ka fara aiki ka rubuta ɓ ɗ ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ, ka haɗa da alamar naira ₦, ka duba yadda suka fito a salon da samfurin ya zo da shi. In sun lalace, canza salon tun yanzu. Noto Sans da Noto Serif suna da su, haka Andika da Charis SIL waɗanda aka tsara su musamman don harsuna irin namu. Arial da Times New Roman ma galibi suna fitar da su a na'urorin yanzu. Manyan baƙaƙen su aka fi mantawa, sai an buga kan takarda sunan ƙauyen ya fito da rami a farkonsa.

Duk wannan kamanni ne. Abin da ke ciki ya fi shi muhimmanci, kuma a nan samfurin waje kamar rigar gwanjo yake: a jikin wani aka auna ta, sai an kai wa tela. Sibin Amurka ba shi da gurbin ranar haihuwa, ba jihar asali, ba ƙaramar hukuma, don a can ana guje wa tambayar irin waɗannan wajen ɗaukar aiki. A nan kuwa sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a raba muƙaman gwamnatin tarayya yadda kowane yanki zai samu, akwai ma hukuma guda mai kula da hakan, don haka mai tantance takardun aikin gwamnati jiharka da ƙaramar hukumarka yake fara nema. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, Kano 44, kuma a aikin jiha ma ana duba daga wacce ka fito. Ka ƙara waɗannan layuka da hannunka a sama, ka ƙara masu tsaya maka a ƙasa da lambobinsu, bayan ka nemi izininsu. Kwanan wata ma a juye yake a wurinsu, wata kafin rana, don haka 4/7 yana iya zama Afrilu ko Yuli. Rubuta sunan watan da haruffa ka huta. Layukan taurari da ke nuna wai ka iya kwamfuta huɗu cikin biyar, goge su, babu wanda ya san wa ya ba da makin. Gara ka rubuta abin da ka yi da gaske, wanda samari ke jin kunyar sawa alhali shi ne aikin: shekarun da ka yi kana koyarwa a Islamiyya ba albashi, aikin rigakafin shan inna gida-gida, aikin wucin gadi lokacin zaɓe, riƙe littafin lissafi a injin casar shinkafar kawunka. Daga ƙarshe ka bi takardar layi-layi kana neman rubutun cike-gurbi da samfurin ya zo da shi. Ana samun sibi da ya isa ofis da sunan wani birni na Amurka a wurin adireshi.

Ƙungiyoyi su ma suna cikin masu buƙatar wannan, musamman ƙungiyoyin manoman shinkafa da alkama na kwarin Haɗejiya, da na masu riɗi da zoɓo, da na mata masu adashe da suke son buɗe asusu. Banki yakan nemi tsarin mulkin ƙungiya, da bayanin taron da aka zaɓi masu sa hannu, da wasiƙa a kan takarda mai ɗauke da sunan ƙungiya, ban da BVN ɗin masu sa hannun. Duk ukun aikin Docs ne ko Word. Kan takardar ba ya buƙatar fiye da sunan ƙungiya da manyan baƙaƙe, adireshi, lambar rajista in akwai, wayar shugaba da ta sakatare, sai layi ɗaya a ƙasa. In ana son tambari, a zana shi a Canva da baƙi da fari, a sauke shi a matsayin hoto, a liƙa a saman takardar Docs. Wannan haɗin ya fi a yi komai a wuri ɗaya. Samfurin bayanin taro na Docs shi ma sai an yi masa gyara, don bai san ana buɗe taro da addu'a a rufe da ita ba, kuma bai bar wurin da mahalarta za su sa hannu ko su dangwala ba.

A nan ne ake yawan samun 'yar jayayya. Shugaba ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya juya ta, ya ce, "Malam Sakatare, ai ba ta yi nauyi ba. Ina mikiyar nan da dawakai biyu? A sa mana su a sama." Sakatare ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Alhaji, wannan ta gwamnati ce, mu ba hukuma ba ne." Gaskiyar sakatare ce. Tambarin ƙasa, ko na jiha, ko na wata ma'aikata, ba kayan ado ba ne da kowa zai ɗora, kuma ma'aikacin banki da ya ga haka zargi zai fara. Haka takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, ko sakamakon jarrabawa, ko takardar asibiti: duk yadda samfuri ya sauƙaƙa kwaikwayonsu, wanda aka haɗa a waya jabu ne, kuma laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa.

Akwai takardun da a ganina babu samfurin intanet da ya dace da su. Ta farko yarjejeniyar gona, ko sayarwa ce, ko jingina, ko haya, ko aro. Samfuran da za ka samu an rubuta su ne a kan dokokin wasu ƙasashe, cike da sharuɗɗan da mai gona da mai saye duk ba su fahimta ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, kuma abin da ke tsayar da magana ranar da 'ya'ya suka tashi da rigima shi ne iyakoki da shaidu: gabas ta yi iyaka da wane, yamma da burtali, kudu da rafi, arewa da gonar magada, nawa aka biya, a gaban wa, sa hannun mai unguwa da hatimin dagaci. A rubuta ta da Hausar da kowa zai ji in an karanta masa, a farar takardar Docs marar ado, ko a nemi irin wadda ofishin dagaci ya saba amfani da ita. In kuɗin da yawa, a nuna wa lauya.

Ta biyu rasit. Akwai samfuran Excel da Google Sheets masu haɗa lissafi da kansu, kuma suna da amfani ga wanda zai aika wa kamfani takardar farashin buhunan riɗi, muddin ya canza dala zuwa naira ya goge layin harajin da bai shafe shi ba. Amma mai awo a kasuwar Maigatari ko Gujungu ba zai bar rumfa ya tafi neman firinta don kowane ciniki ba. Shi ɗan littafin rasit mai kwafi a ƙasa, wanda maɗaba'a ke bugawa da sunansa da lamba a jere, ya fi masa komai. Iyaka ya tsara fuskar a waya ya kai musu.

Shafukan da ke cewa za su haɗa maka sibi kyauta kuwa, a yi hattara. Da yawansu sai ka gama zuba bayananka kaf, ka danna saukewa, sannan su nemi kati. Ka yi asarar data, kuma sunanka da lambarka suna hannunsu.

Saura miƙa aiki ga mai shago, inda ake yawan zubar da abin da aka tara. In ka gama, mayar da takardar PDF, duk manhajojin nan suna yin haka kyauta. PDF yana tafiya da salon rubutunsa da tsarinsa, abin da ka gani shi firinta za ta fitar. Fayil ɗin Word kuwa idan ya sauka a kwamfutar da ba ta da salon da ka zaɓa, sai ta musanya shi da nata, shafi ɗaya ya zama ɗaya da layi uku. Ka buɗe PDF ɗin da kanka ka karanta kafin ka bar gida. Wajen turawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil. Kada ka ɗauki hoton fuskar waya ka tura, WhatsApp yana matse hoto, ƙananan rubutu su fito dishi-dishi. Katin Canva da za a buga shi ma haka. Filash ya fi kowace hanya kwaso cutar kwamfuta daga shago zuwa shago, in da hali a bar shi. In dole ta sa ka shiga Gmail ɗinka a kwamfutar shago, ka tabbata ka fita kafin ka tashi, ka kuma roƙe shi ya goge fayil ɗin a gabanka, ba rashin yarda ba ne, hannu da yawa ne ke taɓa na'urar.

Idan kuma takardar irin wadda mai shago ya fi ka sanin tsarinta ce, kamar wasiƙar neman canjin wurin aiki ko ta neman tallafin karatu, bar shi ya buga maka ta farko ka biya shi haƙƙinsa, sannan ka ce ya turo maka fayil ɗin Word ɗin. Ka buɗe shi a WPS ka bi shi ka share duk abin da ba naka ba, ka ɗora shi a Docs, duk lokacin da buƙata ta taso ka yi kwafinsa ka canza kwanan wata da wanda za a aika wa. Kwafi ɗaya za ka ce ya fara fitarwa, ka fita bakin ƙofa inda haske yake ka karanta suna da lambobi, sannan a shiga fotokwafi.